Tsallen Wani Yaro a Allon Kwamfuta Ne Ya Sasanta Ni da Lissafi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan rubutu na yi shi ne saboda mutum biyu: yaron da ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa kansa ba ya ɗaukar lissafi, da kuma mai sha'awar haɗa gem wanda ya buɗe injin ya ci karo da lambobi ya rufe. Duka biyun ni ne a wani lokaci na rayuwata.

A Kano na tashi. Mahaifina tela ne, kuma burinsa a kaina bai ɓoyu ba, injiniya yake so in zama. A firamare ba ni da matsala da tarawa da ɗebewa da sau da rabawa. Abin ya fara kuɓuce mini ne a sakandare, lokacin da haruffa suka shigo cikin lambobi. Malam zai rubuta v = u + at a allo, ya rubuta s = ut + ½at² a ƙasansa (u gudun farko, v gudun ƙarshe, a ƙarin gudu, t lokaci, s tazara), mu kwafa, mu haddace, ranar gwaji mu juye abin da ya rage a ka. Ba na ganin laifin malaman. Mutum ɗaya ne da guntun alli a gaban aji cike maƙil, ga manhaja tana jiransa. Amma gaskiyar magana ita ce har na gama makaranta ban taɓa ganin wani abu ya motsa saboda waɗannan haruffa ba.

Da sakamakon jarrabawar fita ya zo, F9 na samu a lissafi, fiziks kuma E8. Duk wanda ya nemi jami'a a Najeriya ya san abin da wannan ke nufi: sai da kiredit biyar, kuma dole Turanci da lissafi su kasance a ciki. Na kai wa Baba takardar yana kan keken ɗinki. Ya duba, ya ninke ta, ya ce, "Allah Ya sa haka ne mafi alheri," ya ci gaba da taka kekensa. Da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Na sake zama jarrabawar, abin bai canza sosai ba. Abokaina suka tafi Bayero, wasu Zariya, ni kuwa na daina zama a majalisar ƙofar gida don kada a tambaye ni ina aka kwana. In an yi hutu sun dawo suna hirar lakca da hostel, sai in sami uzurin da zai fitar da ni daga unguwar. Ba hassada nake musu ba. Kunya ce, irin wadda take sa mutum ya ji kamar kowa na karanta sakamakonsa a goshinsa.

Yayana ne ya kai ni kasuwar waya ta Farm Centre na koyi gyara: canza sikirin, canza bakin caji, tura wa mutane gem a waya. A nan na zauna shekaru, ina samun na kashewa, raina kuma a mace.

A watan Afrilun 2020 aka kulle Kano saboda korona. Kasuwa ta tsaya, muka zauna a gida. Yayana yana da tsohuwar laftof mai ram 4, batirinta ba ya riƙe wuta sosai. A kanta na sauke Godot, injin haɗa gem na kyauta wanda aka saki ga jama'a a 2014. Na zaɓe shi ne saboda dalilai na talaka: bai cin data da yawa wajen saukewa, ba ya buƙatar a girka shi, kuma yana tashi a tsohuwar na'ura. Harshen da ake ba shi umarni da shi, GDScript, yana da sauƙin karantawa. Gem ɗin da nake so in yi kuwa daga ƙuruciyata ya fito. Lokacin hutun damina ana tura mu ƙauye wurin kakanmu tsaron gero, muna korar tsuntsaye da birai da majajjawa. Shi nake so in gani a allo: yaro, gona, danga, birai, dutse.

Zana yaron bai ba ni wuya ba. Sa shi ya yi tafiya ne ya dawo da ni inda na gudo.

Abin da ya kamata mai koyo ya fara sa wa a ransa shi ne babu abin da ke motsi da gaske a allo. Hotuna ne tsayayyu ake jerawa da sauri, kowanne ana ce masa firem, kuma yawanci ana zana 60 a sakan ɗaya. Umarnin da hannu ke fara rubutawa shi ne, a kowane firem ƙara 5 a kan inda yaro yake. A na'ura mai firem 60 wannan ya zama fiksel 300 a sakan (fiksel shi ne ɗan ƙaramin ɗigon da ake auna tazara da shi a allo). Amma in ka tura wa wanda wayarsa ke ja da ƙyar tana ba da firem 30, yaron zai yi 150 ne kacal, a waya mai firem 120 kuma ya yi 600, ya fice daga gonar kafin a ankara. Maganin shi ne ka daina ƙidaya da firem, ka koma ƙidaya da lokaci. Injin yana miƙo maka wata lamba mai suna delta, wato tsawon lokacin da ya wuce tun firem na baya: kusan 0.0167 na sakan in ana kan 60, kusan 0.033 in ana kan 30. Sai ka ce gudun yaro 300 ne a sakan, a kowane firem kuma ka matsar da shi gudu sau delta. A waya mai sauri zai yi taku 5 sau 60, a mai nauyi ya yi taku 10 sau 30, duka su isa wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Tazara daidai take da gudu sau lokaci. Wannan a ƙaramar sakandare aka koya mana, kuma wannan ne karon farko da na ga amfaninsa da idona.

Akwai tarko a nan da yake kama kusan kowa a Godot. Umarnin move_and_slide, wanda ke matsar da yaro, da kansa yake ninka gudu da delta. In ka riga ka ninka kafin ka miƙa masa, ka ninka sau biyu ke nan, yaron da ya kamata ya yi 300 sai ya riƙa jan jiki a kan 5. Gudu ake ba shi tsantsa. Abin da kai za ka ninka da delta shi ne abin da ke ƙara gudun, kamar jan ƙasa. Sannan duk abin da ya shafi motsi da karo a sa shi cikin _physics_process, wanda yake bugawa sau 60 a sakan ba ya canzawa. A Unity, wani injin haɗa gem, takwaransa FixedUpdate ne, shi kuma duk 0.02 na sakan yake bugawa, wato sau 50.

Wani abin da ke rikita wanda ya saba da takardar giraf ta makaranta: a gem mai fuska biyu (2D, mai tsayi da faɗi kawai) a Godot, sifili yana kusurwar sama ta hagu, x yana ƙaruwa zuwa dama, y kuma yana ƙaruwa ne zuwa ƙasa. Don haka tsalle lamba ce mai alamar ɗebewa, faɗuwa kuma mai alamar tarawa. Wanda bai san wannan ba zai danna tsalle ya ga yaro ya nutse.

Tsallen shi ne ya fi cin raina, kuma shi ne ya juya rayuwata, don haka zan daɗe a kansa.

Tsalle lambobi biyu ne: gudun da yaro ke tashi da shi, da jan ƙasa da ke rage wannan gudu a kowane firem har ya ƙare ya fara dawowa. Da farko cinta nake yi. In sa 300 da 900, yaro ya gaza kai wa danga. In ƙara na farkon, ya tashi kamar ba zai sauko ba. In gyara tsayi sai lokaci ya lalace, in gyara lokaci sai tsayi ya lalace. Dare ya yi nisa, an ɗauke wuta, laftof ta mutu, ni kuma na kwanta da irin ɗacin da na sani tun ranar sakamako, wata murya tana ce mini ai dama ka san kanka. Na yi niyyar goge komai. Abin da ya hana ni shi ne rashin wutar kanta: ba yadda zan goge, kuma barci ya ƙi zuwa. Sai na jawo tsohon littafin fiziks na aji huɗu daga cikin kwali, na haska fitilar waya, ba don ina sa rai ba.

Ga abin da na tarar, kuma ga yadda nake koya wa kowa yanzu. Kada ka fara da lambobin injin, fara da abin da kake so ido ya gani. Tubalan gonata fiksel 32 ne kowanne, dangar kuma tubali uku ce, tsayi 96 ke nan. Ina so yaro ya kai ƙololuwa cikin 0.4 na sakan, domin a hannu hakan ya fi daɗi. A ƙololuwa gudunsa sifili ne, daga nan zai fara saukowa. In ka sa wannan sifilin a cikin fomulolin nan biyu da muka haddace, sai su ba ka amsa kai tsaye. Jan ƙasa shi ne tsayi sau biyu a raba da lokaci sau kansa: 192 a raba da 0.16, ya ba da 1200. Gudun tashi shi ne tsayi sau biyu a raba da lokaci: 192 a raba da 0.4, ya ba da 480, a rubuta shi −480 tunda sama za a yi. Shi ke nan. Layi huɗu a takarda.

Da wuta ta dawo na zuba lambobin, na danna. Yaron ya tashi, ya je dab da bakin danga, ƙafarsa ta taɓa, ya dawo. Na sa injin ya buga mini tsayin da ya kai: 92, ba 96 ba. A da, da nan zan ce lissafin ƙarya ne ko ni ne ban iya ba. Amma yanzu 92 ta yi kusa da 96 ƙwarai, har na ji dole akwai dalili, kuma ina son sanin dalilin. Wannan sha'awar ban taɓa jin ta a aji ba.

Dalilin shi ne kwamfuta ba ta tafiya sumul, taku-taku take yi. A kowane firem tana fara cire 20 daga gudun, wato 1200 a raba 60, sannan ta matsar da yaro da sabon gudun da ya riga ya ragu. Firem na farko da 460 ya tashi, ba 480 ba. In ka tara takun firem 24 ɗin duka, 92 za ka samu cif. Da a kan firem 30 ake lissafin, 88 za a samu. Gyaran yana cikin fomula ta biyu, a wannan ½at² ɗin da ban taɓa sanin aikinsa ba. A aikace, ka raba jan ƙasan kowane firem gida biyu: ƙara rabi kafin ka matsar da yaro, ƙara rabi bayan ka matsar. Na yi haka, injin ya buga 96. Na zauna ina kallon lambar nan, hawaye na zubo mini, ni kaɗai a ɗaki. Ba gem ɗin nake wa kuka ba, shekarun da na yi ina ɗaukar kaina daƙiƙi nake wa.

Shawarata a nan: ko da lissafinka ya fita daidai, ka ba yaro rarar fiksel 6 zuwa 8 a kan tsayin dangar, domin ɗan wasa ba ya danna maɓalli a daidai wurin da ka zana a takarda. Kuma kada ka ɗaure kanka da jan ƙasar duniya na 9.8. Unity da 9.81 yake zuwa, Godot 4 da ya fito a 2023 yana sa 980 a fuska biyu, dandalin gem na Roblox kuma 196.2 a nasa ma'aunin, amma duk waɗannan mafari ne kawai. A ganina tsallen da ya bi duniya sak yana fitowa da sanyin jiki. Ni ina ninka jan ƙasa sau ɗaya da rabi in yaro ya fara saukowa, in kuma ɗan wasa ya saki maɓalli da wuri sai in raba gudun tashin biyu, ya zama akwai gajeren tsalle da dogo. Sanin ƙa'idar ne yake ba ka damar karya ta inda kake so, da adadin da kake so.

Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowace matsala da babin littafin da ke jiranta.

A dandalin da yaro ke yawo ta ko'ina, na lura in an danna dama da ƙasa tare yana gudu fiye da kima. Gudun 200 a dama da 200 a ƙasa ba 200 ba ne a karkace. Ƙa'idar Faisagoras ce: 200 sau 200, a tara da wani 200 sau 200, a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da jimlar. Amsar 283 ce, ƙarin kashi 41 cikin ɗari. Gyaran shi ne ka ɗauki alkiblar, wato bekta mai lamba biyu, ka raba kowace lamba da tsawon bektar domin tsawonta ya dawo 1. Dama da ƙasa sai su zama 0.707 da 0.707, sannan ka ninka da gudu. Injin yana da normalized da ke yin wannan. In da hannu za ka rubuta, ka duba tukuna ko tsawon sifili ne, domin in ba a danna komai ba za ka raba sifili da sifili, lambar ta lalace ta zama NaN, wato "ba lamba ba", yaron ya ɓace daga allo ba tare da wani saƙon kuskure da zai nuna maka inda aka samu matsala ba.

Majajjawa ce ta koya mini sin da cos. In dutse zai fita da gudu 800 a wata kusurwa, rabon da ke tafiya gaba shi ne 800 sau cos na kusurwar, rabon da ke hawa sama kuma 800 sau sin. Abin lura, kwamfuta ba da digiri take aiki ba, da radiyan take, inda digiri 180 yake daidai da 3.1416. In ka ba ta sin na 90 kana jiran 1, za ta ba ka 0.894, dutsen ya nufi inda ba ka aike shi ba. Sai ka juya digirin zuwa radiyan tukuna. Wajen nemo kusurwar da ke tsakanin yaro da biri kuma, a yi amfani da atan2, wanda ke karɓar bambancin y da bambancin x daban-daban. In ka raba su da kanka ka ba atan, alamun ɗebewa biyu za su cinye juna, biri yana hagu dutse ya tafi dama, in kuma birin yana saman kai tsaye ka sake faɗawa rabawa da sifili.

Na so birai su riƙa ramawa da jifa, jifan kuma ya sauka a kan yaro. Tun 1638 masanin kimiyya Galileo ya bayyana cewa tafiyar abin da aka jefa gida biyu ce da ba sa shiga harkar juna: ta gaba ba ta canzawa, ta sama da ƙasa ce kawai jan ƙasa ke taɓawa. Don haka hanya mafi sauƙi ita ce ka fara zaɓar lokacin da jifan zai ɗauka a iska. A ce yaro yana nesa da fiksel 600, a daidai tsayi ɗaya da birin, kana so jifan ya ɗauki sakan ɗaya. Gudun gaba 600 a raba 1, wato 600. Gudun sama rabin jan ƙasa sau lokacin, rabin 1200 sau 1, wato −600. Jifan zai hau fiksel 150 ya sauko a kansa. In akwai bambancin tsayi, ka raba shi da lokacin ka tara a kai. Rage lokacin zuwa 0.6 sai jifan ya miƙe ya yi zafi, biri ya zama mugu. Da lamba ɗaya tak nake sarrafa wahalar kowane mataki.

Sai matsalar dutse mai ratsa danga. Dutse mai gudun 1800 yana cin fiksel 30 a firem ɗaya, dangar kara kuwa kaurinta 16 ne. A wannan firem yana gabanta, a na gaba yana bayanta, ba a taɓa kama shi a cikinta ba, kamar mai tsallake kwata da taku ɗaya. Ko dai ka ja layin bincike daga inda dutsen yake zuwa inda zai je ka tambayi injin ko layin ya taɓa wani abu, ko ka kunna binciken karo na bai-ɗaya da injin ke da shi ga abubuwa masu sauri, ko ka sa wa gudun iyaka. Ni layin nake ja, ya fi arha ga tsohuwar waya. In dutsen ya daki ƙasa kuma, ina juya gudunsa na sama in ninka da 0.6. Tsayin da zai sake kai ba kashi 60 ba ne, 0.6 sau 0.6 ne, kashi 36: daga 100 zuwa 36, zuwa 13, zuwa ƙasa da 5. In ba ka ce ya tsaya ba in gudun ya gaza 20, zai yi ta karkarwa a ƙasa har a kashe gem ɗin.

Wanda ya fi burge ni shi ne yadda biri ke gani. Ka ɗauki alkiblar da yake fuskanta da alkiblar da yaro yake daga wurinsa, kowacce tsawonta 1. Ninka x da x, ninka y da y, ka tara. Lambar da ta fito ita ce cos na kusurwar da ke tsakaninsu: 1 in yaro na gabansa sak, sifili in yana gefe, −1 in yana baya. In ta wuce 0.707, yaro yana cikin digiri 45 ta kowane ɓangare, biri ya gan shi ya arce. Ninkawa biyu da tarawa ɗaya, sai ga dabba mai ido wadda dole ka lallaɓo ta baya.

Ƙananan abubuwa biyu da zan ambata a gurguje. Kada ka tambayi kwamfuta ko lamba mai ɗigo ta yi daidai da wata cif, domin a wurinta 0.1 a tara da 0.2 yana ba da 0.30000000000000004; ka tambaya ko ta kai ko ta wuce. Sannan kyamarar da ke bin yaro da cin kashi 10 na ragowar tazara a kowane firem ita ma ta dogara da saurin waya: bayan sakan ɗaya ragowar kusan 0.002 ce a kan firem 60, amma 0.04 a kan 30. Ka maye gurbin kashi 10 ɗin, wato 0.1, da 1 − exp(−6.3 × delta) (exp umarnin lissafi ne da injin ke da shi), sai ta zama ɗaya a ko'ina.

A gida kuwa ba kowa ya fahimci abin da nake yi ba. Umma ta sha ce mini, "Kai da girmanka, wasan yara za ka zauna yi?" Ba ni da amsar da zan ba ta, domin ko sisi abin bai kawo ba. Wata rana bayan la'asar Baba ya leƙo ɗakin ya tarar da takardu barbaje a tabarma, duk zanen kusurwoyi da kibiyoyi. Ya tsuguna ya ɗauki ɗaya.

"Wannan kuma lissafin mene ne?"

Na nuna masa yaron yana haye danga. Ya kalla sau biyu, sannan ya ce, "To ƙara mata tubali ɗaya mu gani."

Na ƙara, yaron ya gaza. Na ɗauki biro a gabansa, hannuna na rawa. Tsayi ya zama 128, jan ƙasa yana nan 1200. Biyu sau 1200 sau 128 ya ba da 307,200, lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan kuwa kusan 554 ce, shi ne sabon gudun tashi. Na ɗan ƙara rara na rubuta 570, na danna, yaron ya haye. Baba ya ajiye takardar a hankali ya miƙe.

"Ashe ka iya," in ji shi. "Allah Ya yi albarka."

A daren nan na yanke shawarar sake zama jarrabawa, ta masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara. Shawarar ta yi mini nauyi. Zan zauna da yaran da na girme wa nesa ba kusa ba, kuɗin rajista daga aljihuna zai fito, kuma in na sake faɗuwa ba ni da sauran uzuri. Gem bai koya mini dukan manhaja ba; lissafin kuɗin ruwa, ƙididdiga da logaridim sai da na zauna na karanta su kamar kowa. Abin da ya canza shi ne na daina jin tsoron shafin. Duk fomular da na gani sai in tambaye ta abin da take motsawa, in zuba mata lambobi masu sauƙi, in canza ɗaya in ga abin da zai faru. Na samu C4 a lissafi, C5 a fiziks.

Hanyar aikina har yau ita ce wadda rashin wuta ya tilasta mini. Takarda tukuna, da lambobi na gaske, har in san amsar da nake jira kafin in taɓa na'ura. In abin ya saɓa, sai in sa injin ya buga lambobin, in zana kibiyar gudu a jikin yaron don in gan ta da ido, in rage saurin gem ɗin zuwa kashi ɗaya cikin goma ta Engine.time_scale in bi shi firem bayan firem. Kuma lamba ɗaya nake canzawa a lokaci ɗaya. Mai canza uku tare, ko abin ya gyaru bai san wacce ta gyara ba.

Ba zan ce komai ya dawo daidai ba. Sa'o'ina sun gama hidimar ƙasa, wasu da iyali, ni kuwa yanzu nake karatun difloma a fannin kwamfuta da yamma, da safe ina rumfar gyaran waya. Gem ɗin gonar bai sa ni kuɗi ba, kuma bai ma ƙare ba. Ranar Asabar yaran unguwa kan taru a zauren gidanmu a kan laftof biyu, kuma da tsalle nake fara musu: kowa ya faɗi tsayin dangarsa da lokacin da yake so, ya fitar da lambobinsa biyu a takarda kafin a ba shi na'ura.

Abin da nake fama da shi a watannin nan shi ne igiyar majajjawar kanta, wadda har yanzu sanda ce miƙaƙƙiya a gem ɗin. Ina gwada hanyar da ake jingina wa Loup Verlet, masanin fiziks ɗan Faransa da ya yi amfani da ita a 1967: a raba igiyar zuwa ɗigo 12, kowane ɗigo ya tuna inda yake da inda ya baro, sannan a bi su ana daidaita tazarar da ke tsakaninsu sau da yawa a kowane firem. In na maimaita sau 4 igiyar tana miƙewa ta yi tsawo in an wulwula ta da ƙarfi, in na kai 20 kuma tsofaffin wayoyi suna fara nauyi. Yanzu ina kan 10, ina gwadawa a wayoyin da masu su suka ba ni izini a rumfa.